Tumbin Alhaji Ɗanjummai a Majigi

Wani mai haɗa kartun a kwamfuta, Nafi'u, ya samu aikin da ya daɗe yana mafarki. Alhaji Ɗanjummai mai katifa, shugaban 'yan layinsu a kasuwa, ya ce a yi masa talla, a zana shi da kansa yana takowa ya shiga shagonsa. Ya kuma yi alkawarin in abin ya yi kyau, tallan kowa a layin Nafi'u ne zai yi.

Shi irin wannan zane falle-falle ake yinsa a ɗora wani kan wani: jiki daban, hula daban, babbar riga daban. Nafi'u kuwa akwai cika baki. Ya ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, abin nan ba ya kuskure, kowane falle zaman kansa yake. In na taɓa ɗaya, sauran ko gezau ba sa yi."

Jin haka sai Alhaji ya samu wurin zama. Yau ya zo ya ce a rage tumbi, gobe ya dawo ya ce an rage da yawa, ya koma kamar wanda ake bi bashi, a ɗan ƙara. Da Nafi'u ya gaji, sai ya cire tumbin ya ba shi nasa fallen, don ya riƙa hura shi yana sacewa ba tare da ya sake zanen duka ba. Ana gobe za a nuna, Alhaji ya sake aikowa cewa tafiyar ta yi sauri, shi ba ɗan aike ba ne, a sa masa ƙasaita. Nafi'u ya rage saurin jiki, ya rage na hula da riga, ya manta da tumbi.

Ranar nuni 'yan layi suka cika shagon, aka haska majigi a bango. A sahun gaba ga Malam Tsalha, taubashin Alhaji, wanda tun suna yara ba ya raga masa. Kiɗa ya tashi. Sai ga tumbi shi kaɗai, fes cikin shadda, ya ratso titi, ya shige shago, ya tsaya kusa da katifu yana jira. Can sai ga Alhaji yana tafe a hankali, shafal, yana ɗaga wa jama'a hannu.

Wani a baya ya kama tarin ƙarya. Nafi'u ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, yana kallon aikin layi guda na sulalewa daga hannunsa.

"Ranka ya daɗe, ƙaramin abu ne," in ji shi. "Falle ɗaya ne ban ƙulla ba. Yanzu zan gyara."

Alhaji ya juyo, fuska a murtuke. "Kai ka ce min abin nan ba ya kuskure. Tsakaninka da Allah, a ina ka taɓa ganin mutum tumbinsa ya riga shi shiga shago?"

Malam Tsalha ya dafa kafaɗar Nafi'u ya ce, "Kar ka taɓa komai, malam. Mu da muke jiransa kowace safiya, sai mun gaisa da tumbin mun tambaye shi iyali kafin mai shi ya iso."