Naman Suna a Ruwan Sanyi

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗana na fari ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ta Tremont, a nan ƙasar Turawa, ba za su bar ni ba.

A shekarar ne na raba gidanmu da gas. Aka cire tsohon injin ɗumama gida mai ƙugi a ƙasa, aka kafa na'urar lantarkin nan da ke hura ɗumi lokacin sanyi, ta huro sanyi lokacin zafi. Murhun girki ma aka sauya shi da wani baƙin gilashi sumul, mai aiki da maganaɗisu. Mai haɗawar ya ce sai tukunyar da maganaɗisu ke kamawa. Na gyaɗa kai, na sayo wasu 'yan tukwane masu ƙyalli, suka yi aiki, shi ke nan na shafe zancen daga kaina.

Daga nan fa na zama mai wa'azi. Duk wanda ya gaishe ni a ƙofar masallaci sai ya sha bayani kan hayaƙin gas da lafiyar huhu (a asibiti nake aiki, ɓangaren ajiyar bayanai, amma in ina magana sai ka rantse ni nake fiɗa, shi ya sa ake ce mini Likita). Wanda ya fi shan wahalata shi ne maƙwabcina Alhaji Isufu, ɗan Maraɗi mai shagon turare. Har ce masa na yi girki da gas zaman jiya ne.

Da matata ta haihu, surukata Hajiya ta taso daga Kano. Maimakon ta cika akwati da kaya, sai ta cusa manyan tukwanen dalma guda biyu, irin na biki, domin a ganinta naman suna ba ya daɗi a tukunyar Turawa.

Ranar suna da sassafe matan unguwa suka cika kicin. Aka zuba naman rago a tukwanen, aka sa ruwa da kayan ƙamshi, aka ɗora. Ni kuma na shigo cikin babbar riga, na danna nan, na danna can. Murhun ya yi 'yar ƙara, na ɗauka gaisuwa ce.

"Hajiya," na ce ina sunkuyar da kai, "wannan ba ya harshen wuta. Ba za ku ga komai ba, ba za ku ji komai ba. Don Allah kada kowa ya taɓa, shi ya san aikinsa."

"To, Allah Ya yi albarka," in ji ta.

Na kashe waya na tafi masallaci. Aka raɗa suna, aka raba goro da dabino, aka yi addu'a. Maimakon in dawo gida, sai na tsaya ina gayyatar jama'a ɗaya bayan ɗaya: ku zo ku ci nama, ku ga girki ba hayaƙi. Sai da hantsi ya dubi ludayi na taho, liman a gefena, zugar maza a bayana.

Muna shiga na ji gidan ɗumi lau, na ji daɗi. Amma babu ƙamshi. Gidan suna guda, ko ƙamshin albasa babu! Matan suna zaune jigum a kicin sun zuba wa tukwane ido.

"Kun gani ko?" na ce wa maza. "Tsit kake ji."

Na kama murfin da gefen riga don kada in ƙone, na ɗaga. Innalillahi! Nama ja wur, kwance cikin ruwa, tattasai na yawo a kai. Na tsoma yatsa. Ruwan ya fi na famfo sanyi. Na buɗe ta biyun, haka. Na rasa inda zan sa fuskata.

Ashe murhun bai san da zaman tukunyar dalma ba, don maganaɗisu ba ya kama ta. Ƙarar da ya yi ƙorafi ne, daga nan ya kashe kansa.

Wata 'yar Kumasi, Anti Ladi, ta ce, "Wallahi tun ɗazu na taɓa, na ce tukunyan ga ba zafi. Hajiya ta ce a bari, doctor ya ce haka yake."

Na juya wajen surukata. Baiwar Allah ta yarda da ni, kuma kunya ta hana ta aika a kira suruki a ce masa ya yi kuskure. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ba komai," ta ce a hankali. "Ai naman ya wanku."

Liman ya shiga tarin da babu shi. Alhaji Isufu kuwa ya dafa kafaɗata.

"Likita, gaz ɗina na nan. Na jiya ne, amma yana tafasa ruwa."

Ni na ɗauki tukunya ɗaya da hannuna, babbar riga na jan ƙasa, ruwan nama na fantsama, na bi titi zuwa gidansa, masu jiran bas suna kallo. Sai bayan la'asar baƙi suka ci abinci, waɗanda suka iya jira ke nan.

Har yau ina son murhuna, kuma mun sami manyan tukwanen da yake yarda da su. Abin da na koya daban ne: in kana da surukar da ba ta musa maka, to ka riƙa auna abin da ke fita daga bakinka. Za ta gaskata ka har ragon ɗanka ya wuni ɗanye.