Fuskar Rifkatu a Katin Dattawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kwamfuta ta tona min asiri a gaban mutumin da ya kusa zama surukina ba.

Shekarun nan ne da soja suka koma bariki, shagunan intanet suka fara tsirowa a Kaduna. Ina aiki a wani shago a Unguwar Boro, ina jin kaina kamar ni na ƙera intanet ɗin (alhali rabin abin da na sani kwafowa nake yi). Kusa da teburina akwai Rifkatu, 'yar Filato, mai buga wa mutane takardu. Shekara biyu muna cin gyaɗa a ƙulli ɗaya, amma bakina bai taɓa wuce "ina kwana" da "an kawo wuta?" ba. Sonta kuwa, wallahi, kamar ya kashe ni.

Mahaifinta, Baba Ɗanladi, shi ne shugaban ƙungiyar tsoffin ma'aikatan wata masaƙa. Ita ta kai masa sunana, ta ce zan iya yi musu shafin intanet da kowa zai ɗora hoton fasfonsa, katin shaida ya fito. Na bugi ƙirji na ce aikin kwana uku ne.

A kwamfutata komai lafiya lau. Da na kai aikin kan saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, sai ya yi min tsaye. Ko wane hoto na ɗora, jan rubutu ne ke fitowa. Ashe foldar da hotunan za su zauna ce ba a ba ta izinin karɓar komai ba, ni kuwa ban gane ba. Maimakon in bi sawun matsalar, sai na yi dabarar malalata: na tsara cewa in hoto ya ƙi shiga, a ɓoye jan rubutun, a nuna hoton gwaji. Na ce gobe zan gyara. Goben ta zo, na ɗora hoton nan dai da nake gwaji da shi kullum, ya fito ras, na ɗauka abin ya warke da kansa.

Hoton gwajin kuwa fasfon Rifkatu ne, wanda ta taɓa mantawa a cikin sikana, na'urar kwafar hoto zuwa kwamfuta, na kwafa na adana abina a ɓoye (kar ku tambaye ni sau nawa nake buɗe shi a rana).

Ranar Asabar da la'asar muka taru a wani ajin firamare. An haska majigi a bango, dattawa sun cika benci, Rifkatu ce ke shigar da sunaye. Aka fara da shugaba. Na ɗora hotonsa da farin gashin bakinsa, na danna. Sai ga kati ya fito: Ɗanladi, Shugaba, da fuskar Rifkatu cikin ɗankwali tana murmushi.

Wani tsoho ya ce, "Kai Ɗanladi, ashe da ƙuruciya ka yi kyau haka!"

Na ɗora na ma'aji, Rifkatu. Na sakatare, Rifkatu. Cikin ruɗewa na buɗe foldar don in duba, na manta bango na nuna duk abin da nake yi. Sunan da na raɗa wa hoton ya fito ɓaro-ɓaro, tsohon nan kuma ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi: "A-mar-ya-ta."

Wayyo ni! Rifkatu ta kifa kai a tebur, ajin ya kaure da dariya. Baba Ɗanladi kaɗai bai yi ba. Da aka watse ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, gidana ba a ɓoye yake ba, kuma da yamma ina nan."

Foldar, minti biyar ya ishe ni in gyara ta washegari. Gidan ne ban je ba. Na ce sai dariyar ta lafa. Bayan mako uku Rifkatu ta ce min, idonta na kan takarda, "Baba ya ce in tambaye ka ko hanya ce ta ɓace maka." Na yi yaƙe na ce ina nan tafe. Ina nan tafen har ta samu aiki a Jos. Katin bikinta ne ya fara iso ni.

Yau in aiki ya nuna min jan rubutu, ba na ɓoye shi, a take nake gyarawa. Na kuma koyi cewa in kana son 'yar mutane, ka faɗa da bakinka kafin majigi ya riga ka. Ina kewarta har gobe. Hoton yana nan, na yi ta canza kwamfuta yana bina, kuma har yau na kasa canza masa suna.