Ranar da Na Saka Inna Rabi a Ƙanƙara

Ko na tsufa ba zan manta da tafintan da na yi a wani asibiti a Giza, kusa da Alƙahira, ba. Lokacin ban daɗe da zuwa Alƙahira ba, Larabcina bai wuce na ciniki a kasuwar Ataba ba, amma a waya na gama shaida wa mutanen gida cewa har mafarki da shi nake yi. Shi ya sa da Inna Rabi, ƙanwar mahaifiyata, ta zo daga Maradi za ta ba ƙaninta Kawu Sani ƙoda, aka ce ni ne bakinsu.

Likita ya fara bayani kamar ana korarsa. Za a ɗan huda ciki, a zura na'ura, a ɗaure jijiyoyin jini. Ina ta gyaɗa kai ina cewa "tamam" (rabi na ji, rabi na cike da basira). Sai na tsinci ƙarshen maganar: za a wanke ta da ruwan magani mai sanyi, a sa ta a ƙanƙara kafin a kai ta ɗakin Kawu.

Na gyara murya. "Inna, in an gama za a wanke ki da ruwan sanyi, a kwantar da ke cikin ƙanƙara."

"Da raina?"

"Da ranki. Haka ake yi a nan."

Ta ce, "In dai Sani zai tashi, a saka ni. Tambaye shi ko zan iya shiga da rigar sanyi."

Kawu kuwa hawaye ya fara, ya rantse ya fasa, gara ya mutu yana wankin ƙoda. Ni kuma (Allah ya yafe mini) na miƙa wa likita tambayar rigar sanyi yadda take.

Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Sai ya ɗauki ƙodar roba da ke kan teburinsa, ya jefa ta cikin kofi, ya nuna wa Inna. Nan take ta gane, ba tafinta.

"Ma'alish, ya ustaz," in ji shi, wato ba komai malam, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Inna ta juyo. "Ɗan nan, a mafarkin ma haka kake jin Larabcin?"

An yi aiki lafiya, Kawu ya miƙe. Ni dai tun daga ranar, in Balarabe ya ce "ita", sai na tambaya wace ce kafin in buɗe baki.