Rasuwar Jar Laima Da Aka Yi Wa Ƙazafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni matar gidan nan, tsohuwar ma'aikaciyar jinya kuma sabuwar ɗalibar zane, nake sanar da rasuwar jar laimar Maigida. Ta rasu ranar Asabar da ta wuce a kan titin bakin gada, ƙarƙashin tayar motar yashi. Ba ta yi jinya ba. Sai dai ta tafi da ɓataccen suna, kuma ni na ɓata mata shi.

Marigayiya ta girmi autanmu. Maigida ya sayo ta tun yana tuƙin motar haya, ƙatuwa ce mai mariƙin katako wanda tafin hannunsa ya goge har ya yi sheƙi. Ta sha kai yara makaranta cikin ruwan sama, ta sha jirana a ƙofar asibiti in na tashi daga aiki. Haƙarƙarinta ɗaya ya taɓa karyewa, aka ɗaure shi da waya, ba ta fasa aiki ba. In za a buɗe ta sai ta ce "ƙiii", ta ɗan yi jim kamar mai shawara, sannan ta ce "bus!" ta baje. Kafin ranar rasuwarta, ba mu taɓa jin ta faɗi wata magana bayan waɗannan biyun ba.

Da na yi ritaya, zaman gida ya ishe ni, sai na shiga ajin koyon zane da fentin ruwa. Malaminmu ya ce launi ba ya koyuwa a ɗaki, kowa ya fita ya zana abin da rana ta haska. Na zaɓi bakin gada: ga kogi, ga bishiyoyi, ga bangon tsohuwar masana'anta a tsallake. Fitar farko rana ta daki farar takarda ta dawo mini cikin ido, na koma gida da ciwon kai. Asabar ta gaba ina haɗa kayana sai na ga Maigida a bakin ƙofa, ya saɓa marigayiya a kafaɗa.

"Ina za ka kuma?"

"Ke dai mu je, Sista. Ni ma ƙafata na son miƙewa."

Tun daga ranar, kowace Asabar ni a kujera, shi a tsaye a bayana, marigayiya a samanmu. In rana ta matsa ya matsa. Mutumin nan kafaɗarsa ta dama ta daɗe da lalacewa a kan sitiyari, ni nake shafa masa magani, amma ban taɓa tambayarsa ko ya gaji ba. Nakan dai ce, "Ɗan karkato hagu," ya karkato.

Wani lokaci ya sa baki. "Sista, inuwar bangon can fa ni shuɗi-shuɗi nake ganinta."

"Inuwa baƙa ce. Riƙe laimarka."

Zanen kuwa ba ya kyau, gara in faɗa. A bakin kogi sai in ga kamar na yi abin kirki, in na zo gida na jingina shi a falo, sai in tarar bishiyoyi sun koma ruwan taɓo, kogin ya yi kalar ruwan wankin kwano. Na canja fenti, na canja burushi, na canja tabarau. 'Yan ajinmu suna ta ci gaba, ni ina nan jiya i yau, ga ni na girmi kowa. Abin yana cin raina ƙwarai.

Ajalin marigayiya ya fara gabatowa ne ranar da malaminmu ya biyo ta gadar ya same mu. Ya dubi takardata, ya ɗaga kai ya dubi laimar.

"Mama, jar laima tana zuba jan haske a takarda, idonki ba zai ga launi daidai ba. A nemi fara. Sannan kina haɗa launuka da yawa wuri ɗaya, ga burushinki ba kya wanke shi. Kuma ki riƙa kallon abin da ke gabanki fiye da yadda kike kallon fenti."

Abu huɗu ya faɗa. Ni kuwa guda ɗaya kawai kunnena ya ɗauka, wanda babu laifina a ciki. Ko malamin bai gama hawa babur ɗinsa ba na juya kan Maigida.

"Ka ji ko? Ashe kai da laimarka ne kuka ɓata mini wahalata duk tsawon nan! Da ma gida ka yi zamanka da na huta."

Ya sauke laimar. Ya naɗe ta a hankali, ya ɗaure igiyarta, ya jingina ta a jikin kujerata don in buɗe in rana ta dame ni, ya taka ya tafi. Ban kira shi ba. Ina jin kaina a sama, kamar wadda ta gano cutar da ta gagari likitoci.

Na sa babbar 'yarmu ta nemo mini farar laima. Kafin ta iso, Asabar ta zagayo, na ɗauki marigayiya ni kaɗai don dole, ina harararta. Babu mai riƙewa, sai na ɗaure ta a ƙarfen gada da igiyar shanya. Iska ta taso daga kogi. Mai riƙon gaske yakan sunkuyar da ita in iska ta zo, igiya kuwa ba ta san wannan ba. Marigayiya ta ce "fat, fat", ta juye ciki waje, ta fizge, ta gangara kan titi tana tsalle. Maganarta ta ƙarshe ita ce "ƙaras".

Na kwaso ta a cikin mayafina. Maigida yana zaune da rediyonsa, ya dubi ragowar ya ɗaga mariƙin, ya shafa shi da babban yatsa.

"Ba komai, Sista. Ai ta tsufa."

Da faɗa ya yi mini da na fi samun sauƙi.

Farar laimar ta iso ranar Litinin. Ban iya jiran Asabar ba, washegari na tafi da ita, na kafa ta sosai, na zauna cikin farin haske tas, na zana bishiyoyina da kogina. Na dawo na jingina a falo. Taɓo. Taɓon nan dai na kullum, ko ɗigo bai ragu ba. Kuma da nake can, babu wanda zan ce wa ya karkato, sai na tsaya na kalli bangon masana'antar da kyau a karon farko. Inuwarsa shuɗiya ce, har da ɗan shunayya a gindi. Na daɗe ina kallonta, hawaye na zuba a kan takarda.

Don haka ina shaida wa duk wanda na kai wa ƙarar marigayiya, daga 'yan ajinmu har maƙwabta, cewa in ma tana da laifi, bai kai cikin cokali ba. Sauran duk nawa ne.

Ta rasu ta bar kujera mai naɗewa, da allon zane mai ƙafa uku, da tarin zane-zanen da aka ɗora mata alhakinsu, da farar laima wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ta bar ni. Ta kuma bar Maigida, wanda tun ranar yake gaishe ni lafiya lau, yake cin abincina, yake cewa an gode, amma ya daina tambayata me na zana. Na iya ɗinke rauni, na iya lallashin majinyacin da ya ƙi allura. Buɗe baki in ce wa mijina ya yafe mini ne ya gagare ni, sau nawa ina zuwa bakin ƙofarsa in ɓige da tambayar ko zai sha shayi. Shi ya sa na rubuta wannan sanarwa na manna a ƙofar firji, inda na san zai gani.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a bakin gada, gindin bishiyar da ke kusa da matakala. Za a binne ƙyallen da ƙarafan, mariƙin kuwa za a mayar wa mai shi. 'Ya'ya da jikoki su yi zamansu, 'yan aji ma an gode, mutum ɗaya ake gayyata. Kada ya ɗauko komai. In bai zo ba zan jira har rana ta take, in kuma dawo Asabar ta gaba.

In ya zo, kujerar tasa ce. Ni zan tsaya a baya in riƙe laima, shi ya faɗa mini abin da yake gani.