Ranar da Na Shayar da Baƙuwa Wake

Ba zan taɓa mantawa ba da kakar da na zama tafinta a garinmu Dudunni, ko da na so mantawa ma mutanen garin ba za su bar ni ba.

Ni malamin firamare ne a Kusada. Turancin takarda ina taɓawa, amma in mai harshen ya buɗe baki sai in ji kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Shi ya sa na duƙufa kallon gajerun bidiyo a waya don kunnena ya saba. Yawancinsu na wasu Turawa ne masu yawon duniya, kuma duk inda suka sauka sai sun nemi kofi. (Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, rage gudun maganar nake yi, in kuma kunna rubutun maganar da ke fitowa a ƙasan bidiyon.) Kullum da la'asar ina gindin dalbejiyar ƙofar gida da abin ji a kunne, ina maimaitawa da ƙarfi. Nan da nan labari ya bazu cewa ɗan gidan Malam Haruna, wato ni, da Turawa yake hira. Ban ƙaryata ba, don ya yi mini daɗi.

Wata Asabar Kawu Isuhu, ƙanen mahaifina kuma shugaban ƙungiyar manoman garin, ya same ni a gida. Ya ce wata baƙuwa ta zo daga wata ƙungiya mai taimakon manoma, tafintanta kuma ya wuce Bauranya da sauran tawagar, sai in zo in fitar da su kunya. Na sa babbar riga har da turare.

A bakin masussuka na tarar da su, dattawa sun cika tabarmi, cikinsu har da Baba Sale wanda nake neman 'yarsa. Baƙuwar baƙar fata ce daga gabashin Afirka, mai fara'a. Gaisuwa ta tafi daidai, har na ga Baba Sale yana gyaɗa kai. Da ta shiga bayani sai ƙasa ta fara zame mini. Maganarta ba irin ta wayata ba ce, ga sauri, ga shi babu rubutu a ƙarƙashin haɓarta. (Wallahi sai da babban yatsana ya motsa yana neman wurin tsayarwa.) Cikin duk abin da ta faɗa kalma ɗaya na cafke, tana ta dawowa: kaufi, kaufi. Na ce a raina, ai wannan na san shi.

Ta tambaya ko muna noma shi da yawa. Na amsa da kaina ba tare da na juya wa kowa ba, na ce sam ba ma noma shi, daga Kankiya ake sayo shi a 'yan ƙananan ledoji. Ta ɗaga gira, ta waiga gonaki, ta taɓa wani abu a wayarta. Ta tambayi yadda muke adana shi, na ce a gwangwani, wurin mai shayi. Ta ce to yaya muke cin sa? Na yi murmushin mai ilimi na gyara mata: ba ci ake yi ba, sha ake yi, da ruwan zafi da madara.

Kawu ya taɓo ni. "Kai, mi ta ce ne? Tun ɗazu kai kaɗai kake ta amsawa."

Na ce baƙuwa kofi take so. Kawu ya ji kunya an bar baƙuwa da ƙishi, ya tashi da kansa ya je wurin mai shayin bakin hanya, ya dawo da kofi mai kauri a faranti, ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta dubi kofin, ta dube ni. Sai ta ajiye shi a hankali, ta taka zuwa tsibin da ake sussuka, ta ɗebo wake cike da tafin hannu, ta kawo daidai hancina ta sake faɗin kalmar, a hankali wannan karon. A nan na tuna. Sunan wake ne da Turanci, na ma taɓa koyar da shi a aji. A kunnena ne kawai ya zama kofi.

Baba Sale ne ya fara magana, cikin natsuwa. "Malam, wai wake take tambaya tun ɗazu? To mi ka ce mata?"

Ban da mafita, na faɗa musu duka: cewa Dudunni ba ta noman wake, kuma da madara muke shan sa. Dariyar da aka yi har matan da ke shiƙa suka ajiye faifai suka matso. Kawu kaɗai bai yi ba, domin ashe buhunan adana wake da ƙwari ba sa shiga ta zo rabawa garuruwan da ke noma shi, ni kuwa na riga na cire mu da bakina.

Na haɗiye girman kai na roƙe ta ta riƙa magana sannu-sannu, in ban ji ba in ce ta sake. Da haka, da nuni da hannu, muka gama. Ta gyara abin da ta shigar a wayarta, ta kuma shanye kofin tas don kada Kawu ya ji babu daɗi. Buhunan sun iso kafin a gama sussuka.

Baba Sale bai hana ni 'yarsa ba. Sai dai har yau in na je gaishe shi aka kawo shinkafa da wake, yakan tambaye ni ko ci zan yi ko a kawo mini madara.

Bidiyo dai ban daina kallo ba, amma na cire rubutun, na bar su suna gudu yadda Allah ya yi su. Na kuma gane cewa a duk Turancin da na tara, babu jimlar da ta kai "ban ji ba, sake faɗa" amfani, ita ce kuwa ban taɓa tsayawa na koya ba.