Ranar da Na Goge Allin Bakanike

Ko da zan manta da ranar aurena, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ƙanƙame surukina a bainar jama'a ba.

Shekara goma sha wani abu ina koyar da ilimin injin mota a wata makarantar fasaha a Gusau. A allo, ba ni da na biyu. Ina zana fistin yana hawa yana sauka, bawul na buɗewa yana rufewa, har ɗalibai su riƙa jin kamar allon zai tashi ya kama hanyar Tsafe. (Cewa ban taɓa kwance ko da fulogi ɗaya da hannuna ba, wannan sirri ne tsakanina da sifana.)

Surukina, Alhaji Bawa, manomin tumatir ne a Kwatarkwashi. Tsohuwar a-kori-kurarsa ta yi kwanaki a garejin wani bakanike a Bungudu, Ɗanjuma, an sauke inji an yi masa garambawul. Ranar da za a gama haɗawa, Alhaji ya riga ya sa an tsinke tumatir, kwanduna na jibge a gindin dogon yaro, kuma masu saye a Gusau ba sa wuce la'asar. Matata ta ce in je in duba, tunda fannina ne. Na tafi da farar shadda.

Na tuɓe takalma tun daga nesa, na durƙusa na gaida Alhaji, ya amsa yana kallon wani gefe kamar yadda aka saba. Ya ce da Ɗanjuma, "Ga Malam nan, shi ka karantar da abin ga."

Ɗanjuma ya dube ni, ya dubi shaddata, ya ce, "Madalla. Saura in sa distirbuta in ta da ita." (Distirbuta ita ce mai raba wa fulogai wuta, kowa a kan lokacinsa.)

Sai ga mai fura ta iso. Ni kuwa ba na cin abinci gaban suruki, don haka da suka zauna sai na zame na koma wurin mota ni kaɗai. Murfin inji a buɗe, sifana a maƙale. Na murza kaɗan, sai ga bawul suna rawa daidai yadda nake zana su. Daɗi ya kama ni, na yi ta murzawa. Can idona ya faɗa kan wani karkataccen zanen alli a jikin giyar da ke tuƙa bawul ɗin.

Duk wanda ya yi aikin malanta ya san cutar. Hannu ba ya shawara da ƙwaƙwalwa. Kafin in ankara, na zaro hankici na goge shi tas.

Sai bayan nan na gane shaidar tayimin ce na goge, wadda ke nuna wa Ɗanjuma inda ya tsayar da inji. Amma na ce haba, ni ne fa. Na karyo tsinke na zura ta ramin fulogi na ɗaya, na murza har tsinken ya taso ya tsaya: fistin ya kai sama. Alli kuwa ba ya rabuwa da aljihuna. Na ja layi miƙaƙƙe, har da ɗan kan kibiya.

Ɗanjuma ya dawo da gaggawa, ya ga farin layi ya yi daidai, ya rufe murfin, ya sa distirbuta. Direba ya shiga. Ni kuma na sunkuya kan kafireta, mahaɗar mai da iska, ina yi wa jama'a bayani: "To, yanzu za ku ga mai da iska sun..."

Ban ƙarasa ba. Wata ƙara ta tashi kamar bindigar toka, wuta ta yi tsalle daga bakin kafireta ta lashe mini gira da rabin gemu. Na zabura babu takalmi, babu hula, na ƙanƙame abu na farko da na samu. Abin nan kuwa Alhaji Bawa ne. Mutumin da shekara da shekaru ban haɗa ido da shi ba, ga ni manne a bayansa ina salati cikin babbar rigarsa.

"Malam," ya ce a hankali, "sake ni in ga motata."

Mutane sun kashe wutar da ƙasa, rabin ƙasar kuma ta shige kafireta. Ɗanjuma ya buɗe murfi ya tsura wa giyar ido.

"Wanga ba allina ba ne. Ni tun da nike ban taɓa yin kibiya ba." Duk idanu suka sauka kan yatsuna, farare fat.

Na ce da ƙaramar murya, "Amma fistin na sama."

"Awo, yana sama. Wace saman? Sau biyu yake hawa, Malam. Ɗaya shi matse mai, ɗaya shi kori hayaƙi. Kai ka aika wuta lokacin da ƙofa ke buɗe."

Wannan jimla, kusan kalma da kalma, ita nake ja wa layi biyu a allo duk shekara.

"Kawo babban yatsanka." Ɗanjuma ya toshe ramin fulogi da shi, ya murza inji. Iska ta ture mini yatsa, fus. "Ka ji? Ita ce saman da kake nema. Bawul duka biyu a rufe."

Wankin kafireta ya ci awa biyu. Motar ta isa Gusau bayan masu saye sun watse, tumatir ya kwana ya yi laushi. Washegari dai aka sauke kwando uku a ƙofar gidana, da saƙon cewa a gaida Malam. Mako biyu matata na yanka tana shanyawa a kan rufi, duk wanda ya tambaya ta ce, "Na Malam ne, shi ya nunar da su."

Girar ta fito daga baya. Yanzu in na ga alli a jikin abin da ba allo ba, hannuwana biyu nake zubawa a aljihu. In kuma fura ta iso, ina zama kusa da masu sha, ko da kallo zan yi.