Gonar Dakta Badamasi ta Hawa na Biyar

Duk wanda ya zauna a unguwar Hay el-Sabi' bai san Dakta Badamasi ba, zaman banza ya yi a Alƙahira, gara ya tattara ya koma gida. Dakta ne tun kafin ya gama digirin farko, kuma har yau da bai gama ɗin ba Dakta ne. Laifin na jami'a ne, ita ta kasa rabuwa da shi. Kowace shekara malamai sai su duba takardarsa, su ga zurfin da ke ciki, su ce irin wannan ba a sakinsa da wuri, ya maimaita. Waɗanda suka zo tare da shi tuni suna limanci a garuruwansu, shi kuwa yana nan daram kamar dalar Giza, sai dai ita dala ba ta surutu.

Ka gan shi da kwat a kan jallabiya ko da rana na narka kwalta, da tabarau marar magani, da jakar hannu wadda babu komai a cikinta sai wayar caji. A faɗarsa a Nasarawa ta Kano aka haife shi, unguwar da ko ƙuda sai da izini yake shiga. Bai taɓa riƙe fartanya ba, kuma yana alfahari da hakan. In ɗalibai suka zauna a ahwa, wato shagon shayin bakin layi, suna begen abincin gida, sai ya yatsine fuska ya ce, "Ku dai ƙauyanci ya bi ku har Misra. Ni rama da tafasa da su zogale, wallahi ko a hoto ban san su ba." Cikin duk maganganun da ya yi a ƙasar nan, wannan ce kaɗai gaskiya tsantsa.

To irin wannan ƙwaƙwalwa ba ta zama haka nan. Wata rana Dakta ya wayi gari da wahayin cewa arzikin duniya ya koma ganyen wiwi, wanda Misrawa ke kira bango. Ya ja Mazin gefe, wani Basudane mai sayar da turare da duk abin da aka tambaye shi, ya rage murya, ya waiga hagu da dama, ya ce yana son irin ganyen nan mai yatsu, wanda mutanenmu ke mutuwar so, amma kada kowa ya ji shi ya nema. Mazin ya yi murmushi ya ce, "Tamam, na gane." Bayan 'yan kwanaki ya kawo masa ƙullin iri da wata 'yar takarda mai kalma biyu da rubutun boko. Ta biyun ita ce kannabinus. Ta farkon kuwa, hibiskus, Dakta ya dube ta da idon masana ya yanke hukunci cewa sunan kamfanin ne.

Kada wani ya yi masa mummunan zato. Shi da kansa ya wanke kansa a gaban madubi: "Ba don shaye-shaye ba, a'uzubillahi. Mai zan tatsa na magani, kamfanonin Turai su zo suna roƙo. Kuma malamai sun ce larura tana halatta abin da aka hana." Larurar kuwa babba ce, domin Dakta ya gaji da cusa kwat ɗinsa a cikin 'yar ƙurƙurar bas ɗin Madinat Nasr, mota yake so.

Misra ba wurin wannan wasa ba ce, kuma ya sani. Wanda aka kama da tukunya ɗaya ta bango, kurkuku ne tukuna, jirgin gida daga baya. Takardar ikama, wato izinin zama, ta tafi, kuma ba tasa kaɗai ba, har da ta matarsa Dije, wadda ke shekarar ƙarshe a kwalejin mata, tana kwana tana tashi da littafi. Da wani ne ya tuna haka, da ya fasa. Dakta kuwa tafiyarsa ce ta ƙara ƙasaita, don a ganinsa ƙaramin mutum ba ya aikata laifin da ya kai wannan girma.

Ya kwashe kayan ƙaramin ɗakinsu na hawa na biyar, ya jera tukwane, ya rataya fitila mai hasken shunayya, ya toshe taga da bargo, ya sa kwaɗo a ƙofa. Ya ce wa Dije bahasi yake yi na ilimi, mata ba sa shiga. Sirri ne da babu wanda ya sani sai shi, sai Mazin, sai duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi a ahwa. Ba ya faɗa kai tsaye, ai shi mai hikima ne. Sai dai ya kurɓi shayi ya ce, "Akwai wani abu da ke tsiro a gidana. Ranar da ya nuna, duk Hay el-Sabi' sai ta yi layi a ƙofata."

Iri ya tsiro, ganye ya buɗe yatsu kamar yadda ya gani a waya. Dakta ya yi wa shukarsa karamcin da bai taɓa yi wa baƙo ba. Ya karanta a wani wuri cewa Misra kyautar kogin Nilu ce, saboda haka ya ɗaura niyyar zama Nilu. Da safe bokiti, da azahar bokiti, da la'asar ƙari. Ƙasar tukwanen ba ta taɓa sanin bushewa ba, har samanta ya yi kore ya fara warin gefen rijiya.

Daga nan baƙi suka iso. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje ne baƙaƙe, ba su kai ƙwayar gero ba, Misrawa na ce musu hamush. Ba sa cizo, ba sa kuka, ba su ma iya tashi sosai ba, sai dai su yi ta tangaɗi a fuskar mutum. A jiƙaƙƙiyar ƙasa suke ƙwai, tsutsarsu ta kwanta a ciki tana cin saiwa. Wurin Dakta suka samu abin da kakanninsu ba su samu ba: ruwa kyauta, fitila kyauta, ƙofa a kulle, ga mai gida da ke hidima ba gajiya.

Da farko ya raina su. "Mikiya ba ta farautar ƙuda," in ji shi, daidai lokacin da ɗaya ya shige masa hanci. Da abin ya yi yawa ya shelanta yaƙi. Ya sayi turaren wuta wurin Mazin ya turnuƙe ɗakin, hamush suka ji ƙamshi suka gayyato dangi. Ya kunna fanka, fanka ta raba su ko'ina cikin gida kamar goron ɗaurin aure. Ya fesa maganin sauro har ganye ya ƙone a gefe, shi ya fito yana tari, su suna ciki. Ya sayo takarda rawaya mai danƙo wadda ake kama su da ita, ta kama kaɗan, ta kama gemunsa gaba ɗaya, sai da aka sa almakashi.

Dije ba ta ga shukar ba, amma tana ganin bokiti yana wucewa, tana kuma tsamo hamush daga shayinta. Ta ce masa a hankali, "Malam, ko mene ne a ɗakin nan, ruwa ya yi masa yawa. Ka bar ƙasar ta sha iska mana, ƙwarin nan laima suke bi."

Dakta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Dije, akwai ilimin girki, akwai ilimin nabatat, wato tsirrai. Kowa ya tsaya a fanninsa. Shuka ta yi yaushi, ke kina cewa a hana ta ruwa? Wannan ai ƙiyasi ne fasidi." Ya ɗauki bokiti ya ƙara. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Tsutsa na cin saiwa, ganye na yaushi, shi yana ƙara ruwa, tsutsa na godiya. Barci ya ƙaurace masa, abinci ya daina shiga, kwat ta fara yi masa yawa. Duk wanda ya gan shi sai ya ce Dakta ya yi rama, ba tare da sanin irin gaskiyar da ya faɗa ba.

Ruwa dai ba ya hawa sama. Ya bi ta ƙasan tukwane, ya ratsa daɓe, ya zana taswira a silin ɗin Madam Reem, mai gidan, wadda ke zaune a hawa na huɗu. Hamush suka biyo taswirar. Ranar da ta tsinci uku a cikin miyar mulukiyyarta, ta hau sama da silifa ɗaya, ta buga ƙofa kamar za ta ɓalle ta. Ta ce khalas, magana ta ƙare, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za ta dawo da yayanta Alaa Basha, tsohon jami'in 'yan sanda, a buɗe ɗakin nan ko a fasa shi.

A nan Dakta ya shiga neman mafita. Ya yi tunanin fitar da tukwanen, sai ya tuna mai gadin gidan, wanda ko ɓawon lemo ka jefar sai ya san na wane hawa ne. Ya yi tunanin tuge shukar, sai zuciyarsa ta ce masa manyan masu bincike ba sa kashe bahasinsu da hannunsu. Da safiyar Juma'a ya zaunar da Dije ya gaya mata abin da ke ɗakin. Ba ta yi ihu ba. Ta dubi littattafanta da ke tule a kan tebur, jarrabawa saura ƙiris, ta sa mayafi ta rufe fuska tana kuka marar sauti. Ya ji tausayinta, wannan ba za a hana shi ba. Amma ko a cikin tausayin yana lissafin wace kwat ce za ta fi kyau a hoton jarida.

Bayan salla suka iso. Alaa Basha dattijo ne mai tumbi da carbi, ya tsufa yana kama masu bango. Dakta ya tsaya a ƙofar ɗakin, buroshin haƙori na leƙowa daga aljihunsa, ya gyara murya.

"Ya Basha, kafin ka shiga, tarihi ya shaida cewa ni kaɗai na yi. Matata ba ta sani ba. Duk zamani yana da mutumin da ya riga shi, kuma sakamakon irinmu kullum sarƙa ce. Ga hannuwana."

Ya buɗe kwaɗo. Gajimaren hamush ya fito ya yi wa baƙi maraba. Madam Reem ta toshe hanci. Dije ta leƙa ta bayan kafaɗar mijinta don ta ga abin da ya cinye mata karatu. Ta tsaya. Ta share hawaye ta ƙara dubawa. Ta ratsa su ta shiga, ta shafa karan shukar mai 'yan ƙayoyi, ta tsinki ganye ɗaya ta sa a baki. Tsami ya sa ta runtse ido.

"Malam," ta ce, "wannan ai rama ce."

"Kannabinus ce," in ji Dakta.

"Rama ce. Ta kwaɗo. Irin wadda ke bayan ɗakin Inna."

Alaa Basha ya murza ganye ya shinshina, ya ɗaga wata tukunya ya ga fure ɗaya fari-fari mai jan ciki da ya samu ya buɗe duk da azabar da ya sha. Tumbinsa ya fara rawa kafin dariyar ta fito. Ya ce wannan a wurinsu til ake ce masa, ɗan'uwan karkade ne, wato zoɓo, a ƙauye da shi ake tufka igiyar ɗaure jaki. Ya dafa kafaɗar Dakta ya ce, "Ma'alish, ba komai, ya Doktor. Sauke hannunka."

Da wani ne, da ya faɗi ya yi sujadar godiya. Dije dai ta yi, a nan kan jiƙaƙƙen daɓe. Dakta kuwa ya bi Basha har matakala yana roƙo: "A kai ɗakin gwaji dai, ya Basha. Ido yana kuskure. Ko kwana ɗaya ne a tsare ni a bincika." Basha ya ce shi ya yi ritaya, kuma ko yana aiki ba a ba shi ikon kama miya ba.

Da aka tare Mazin, ya rantse bai cuci kowa ba. Kakarsa Bahaushiyar Sudan ce, ya san ganye mai yatsu da Hausawa ke mutuwar so. Ya ga mutumin da ya cika ahwa da cewa bai san rama ba ya zo yana raɗa yana waige-waige, sai ya ɗauka kwaɗayi ne ya kama shi yake jin kunya. Shi a ganinsa asiri ya rufa masa.

Madam Reem ta ce a gyara mata sili, tukwane kuma su koma baranda. Dije ta karɓi mulkin gona. Ta hana ta ruwa har ƙasa ta bushe, hamush suka ga an sauya gwamnati suka watse. Rama ta murmure ta yi kore shar, irin shukar da ba ta tambayar digiri.

Labari ya riga iska zagaya unguwa. Juma'ar da ta biyo, ɗaliban da suka shekara ba su ɗanɗana kwaɗon gida ba suka hau hawa na biyar, kowa da kwanonsa, layi tun daga ƙofa har matakala. Annabcin Dakta ya tabbata, ba a rage ko harafi ba. Yana tsaye a falo cikin kwat, yana shirin yi musu bayani kan makomar noman cikin ɗaki, sai Dije ta leƙo daga kicin ta miƙo masa leda.

"Dakta, yalla, a je unguwar Darrasa wurin Ummukulthum mai sayar da kayan abincin gida a karɓo ƙuli-ƙuli. Ka yi sauri, mutanenka na jira."